Shekara Ukun da Aka Yi wa Lonnie Alkawari

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Lauya Pruitt ta kira ni ina tsakiyar wanke tukwane a kicin ɗin makaranta. Ta ce, "Misis Tackett, nemi kujera tukuna. Mun yi nasara." Ban zauna ba, hannuna duk kumfa.

Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ɗana Lonnie. Ba wanke shi ta yi ba. Shi da bakinsa ya amsa cewa ya shiga kantin magani, ya tsorata matar da ke bayan kanta, ya kwashi ƙwayoyi. Abin da kotun ta ce shi ne an ci amanarsa. Lauyan gwamnati ya sa hannu cewa in Lonnie ya amsa laifi, shekara uku kawai zai nema masa. Ranar hukunci, da ya waiga ya ga dangin matar sun cika kujeru, sai ya miƙe ya nemi takwas, alƙali kuma ya ba da takwas. Yanzu za a sake yanke hukuncin a gaban wani alƙali daban, kuma dole lauyan gwamnati ya faɗi ukun da ya yi alkawari.

Ya riga ya ci biyu da rabi. In aka tsaya a uku, watan Mayu yana gida.

Na ce mata, "Mun gode wa Allah." Na ji muryata, ta fita daidai yadda ya kamata.

Da na gaya wa Wendell, sai ya cire tabarau ya kifa kai a kan tebur. Shekara arba'in da aurenmu, sau biyu na taɓa ganin hawayensa. Na dafa kafaɗarsa. Ina dafe da shi ina kallon matakala.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Ya kamata in yi murna.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Wendell ya sayo fenti. Ya kwashe keken ɗinkina da kwalayen Kirsimeti daga ɗakin Lonnie ya jibge su a falo, bai ko tambaye ni ba.

Na ce, "Ka bari a yi zaman kotun mana."

Ya ce, "Glenda, ke in aka ce miki rana ta fito sai kin tafi neman lema."

"Wani ne dai ya kamata ya riƙe lemar a gidan nan."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Josie tana riƙe masa gwangwanin fenti, ta shafa shuɗi har a gira. Shekararta bakwai yanzu. Uwarta ta tafi tun tana goye, ba a sake jin ɗuriyarta ba, don haka ni ce uwa, ni ce kaka. Ta tambaye shi ɗakin wa ake gyarawa. Ya ce, "Na babanki, 'yar gidana." Ta ce, "To." Ta ci gaba da motsa fenti. Daga baya ta zo kicin ta tsaya a jikina, ni kuma ban tambaye ta komai ba.

Na dafa wake da burodin masara. Wendell ya ci kwano biyu. Ni na tura nawa gefe.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan coci

Fasto ya sanar a gaban jama'a. Aka tafa. Mata suka yi layi suna rungume ni, kowace tana cewa addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa banza. Na yi ta cewa amin.

Da sun san addu'ar da na yi.

Ban roƙi a ba shi takwas ba. Wannan zan iya rantsuwa a kai. Na roƙi dai Allah ya ajiye shi inda zan san yana numfashi. Ranar da alƙali ya ce takwas, Wendell ya miƙe yana cewa ba haka aka yi da mu ba, har ɗan sandan kotu ya zaunar da shi. Ni kuwa wani abu ne ya sauka daga ƙirjina. Na lissafa a raina: Josie za ta kai goma sha biyu. Ina zaune a bayan ɗana, ana cin amanarsa a gaban idona, ni ina lissafin shekarun jikata.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da rana

Mun je ofishin Lauya Pruitt. Mace ce ƙarama, mai saurin magana, ko da yaushe da kofin gahawa da ya huce a hannunta. Ta ce Lonnie yana da zaɓi biyu, ko ya janye amsa laifin a koma shari'a daga farko, ko ya tsaya a kan alkawarin a sake hukunci. Ya zaɓi na biyu. Ya ce ya yi abin, ba zai koma ya ce bai yi ba.

Wendell ya ce, "To ai shi ke nan, uku ce."

Ta ce, "A'a, Mista Tackett. Lauyan gwamnati alkawarin ya ɗaure, bai ɗaure alƙali ba. Shi zai ce uku. Ita alƙaliyar tana iya cewa uku, tana iya cewa takwas. Abin da doka ta ba ɗanku shi ne a saurare shi yadda aka yi masa alkawari, ba ta ba shi tabbacin sakamako ba."

"To mene ne amfanin duk wannan?"

"Amfanin shi ne mutum ya ajiye haƙƙinsa na a yi masa shari'a saboda wata magana da gwamnati ta faɗa masa. In gwamnati za ta iya lashe maganarta, gobe wa zai ƙara yarda da ita?"

Sai ta juyo gare ni. Ta ce alƙaliyar za ta so ta san inda zai sauka in ya fito, kuma bakin uwa ya fi na uba nauyi a irin wannan zama. Minti biyu kawai. In ce ɗakinsa na nan, muna jiransa.

Wendell ya amsa a madadina. "Har fenti mun yi."

Wuyan hannuna ya dame ni a mota. Sanyi ne ke shigowa.

Asabar, 25 ga Oktoba, da hantsi

Na haɗu da shi a kanti, wajen da ake jera madara. Lauyan gwamnatin. Ba kwat, rigar sanyi ce a jikinsa da hular ƙwallo, kamar kowane uba. Na so in juya keken kayana, ya riga ya gan ni.

Ya ce, "Misis Tackett. Yaya hannu?"

Ban taɓa yi masa maganar hannuna ba.

Ya ce lokacin da yake haɗa shari'ar ya ga takardata ta asibiti ta watan Janairun shekarar. Ya ce, "Sun rubuta santsin ƙanƙara. Ni ma uwata haka take cewa." Ya ɗauki kwalbar madara yana juya ta kamar yana duba kwanan wata. "Ni yanzu an ɗaure min baki. Uku zan ce in zauna. Amma ke ba wanda ya ɗaure naki. Alƙaliyar nan tana da jikoki."

Ya ce in gaida gida, ya wuce.

Na tsaya har sanyin firjin ya ratsa ni. Na dawo gida ba madara. Wendell ya ce tsufa ya fara taɓa ni, na ce ai kai ka fara nuna min hanya.

Litinin, 27 ga Oktoba, da safe

Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Ban gaya wa kowa ba. Na san ya kamata Lauya Pruitt ta ji. Mutumin da kotu ta ce ya cika alkawari, ga shi yana neman ya karya shi da bakina. Na ɗauki waya sau da dama na ajiye.

Abin da ya hana ni, na san shi. In na faɗa, na yar da abin da ya miƙo min. Ina riƙe da shi kamar wuƙa a aljihun riga, ina cewa ba zan yi amfani da ita ba, amma ban ajiye ta ba.

Yau a wurin aiki na ƙona tiren dankali gaba ɗaya. Yara suka ci burodi da cuku.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Josie ta dawo daga makaranta da zane. Gida, mutum huɗu. Uku a ciki, ɗaya a tsaye a waje kusa da akwatin wasiƙa. Wendell ya ce, "Wannan babanki ne yana isowa, ko?" Ta ɗaga kafaɗa. Ya manna shi a jikin firji yana ta fara'a.

Shekararta huɗu ranar da na faɗo daga matakala na ji ciwo a hannu. Likita ya ce yara masu wannan shekaru suna mantawa. Tana zaune a saman matakala da kayan barcinta masu hoton zomo. Ba ta yi kuka ba. Har yau in za ta sauko sai ta kama ƙarfen da hannu biyu.

Ba Lonnie na gaske ba ne ranar, ƙwaya ce. Wannan ma gaskiya ce. Jakata yake nema, ni kuma na ƙi saki. Da na saki.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da rana

Ban je coci ba. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Na kira Lauya Pruitt daga mota, a wajen ajiye motoci na makaranta, don kada in shiga gida in canza ra'ayi. Na gaya mata abin da mutumin ya ce a kanti, kalma da kalma. 

Ta ce, "Yaushe?"

Na faɗa mata.

"Sai yau kike gaya min."

"Sai yau."

Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi da na fi jin daɗi. Ta ce za ta kai maganar gaban shugabansa da gaban alƙaliya, kuma da wuya a bar shi ya tsaya a wannan shari'ar. Sai ta sassauta murya ta ce, "Misis Tackett, akwai abin da ya kamata in sani game da hannunki?"

Na ce, "Babu. Amma akwai wani abu daban. Ba zan ce ɗakinsa na jiransa ba."

"Kin san wannan zai iya rage masa ƙarfi a gaban alƙaliya."

"Na sani."

Ta ja numfashi. Ta ce akwai gidaje da ake saukar da waɗanda suka fito daga kurkuku, ana sa musu ido, ana gwada su ko sun koma ƙwaya. Za ta nemi gurbi, amma ba ta yi alkawari ba. Ta ce, "Shi kuma Lonnie, ke za ki gaya masa. Ni ba zan kai wannan saƙon ba."

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Na gaya wa Wendell bayan Josie ta fita wasa. Yana wanke burushin fenti a wajen wanke-wanke.

Ya ce, "Gidana ne ni ma."

"Gidanka ne."

"Ɗanmu ne, Glenda. An cuce shi sau ɗaya, yanzu uwarsa za ta ƙara masa?"

Na ce, "Kai ka kai ni asibiti ranar nan. Ka ga ƙanƙara a matakalar cikin gida?"

Ya kashe famfo. Ya daɗe yana kallon burushin. Ya ce, "Kin ce santsi ne."

"Kai kuma ka yarda da sauri."

Ya goge hannu ya fita gareji. Na ji yana ta matsar da kaya da ba su bukatar matsarwa. Bai ci abinci ba. Na san na buge shi a inda ba shi da kariya, kuma ban san ko don Josie na yi ba ko don in daina ɗauka ni kaɗai.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da yamma

An dawo da Lonnie gidan yarin garinmu don zaman kotu. Na je ni kaɗai. Gilashi a tsakani, waya a hannu.

Ya yi ƙiba. Idonsa fes, irin na lokacin da yake sakandare. Ya buga cikinsa ya ce, "Mama, kin gani? Na gaji tumbin Baba." Na yi dariya ban shirya ba. Ya ce ya koyi walda, ya ce rabonsa da ƙwaya tun ranar da aka kama shi, ko da yake a ciki ma ana samu in mutum yana so. Ya tambayi haƙoran Josie, nawa suka faɗi. Ya ce Baba ya gaya masa shuɗi aka yi wa ɗakin, shi da ya tsani shuɗi.

Na ce, "Lonnie, ba za ka sauka a gida ba."

Murmushin bai tafi nan take ba. Ya ɗan tsaya a fuskarsa kamar bai sami labari ba.

"Baba ya ce..."

"Babanka bai sani ba lokacin. Ni ce na ce."

"Na canza, Mama."

"Ina gani. Wallahi ina gani."

"To me kuma?"

"Na taɓa gani a da. Sau uku."

Ya ajiye wayar a kan kanta, ya rufe fuska da tafin hannu. Ina kallon bakinsa yana motsi, ban ji me yake cewa ba. Da ya sake ɗauka, muryarsa ta bushe.

Ya ce, "Shi wancan lauyan gwamnatin aƙalla ba shi ya haife ni ba."

Na ce, "Haka ne."

"Za ki gaya wa alƙaliya maganar matakala?"

Karo na farko ke nan da ɗayanmu ya ambaci kalmar.

Na ce, "A'a."

"Don me? Ai da kin huta. Shekara biyar da rabi cur."

"Don uku aka ce maka."

Ya kalli hannuna da ke riƙe da waya, na dama, don na hagun ba ya jure riƙo. Ya buɗe baki, sai mai gadi ya taɓa kafaɗarsa. Ya tashi bai yi sallama ba.

Na zauna a mota har gilashi ya yi gumi.

Talata, 11 ga Nuwamba, da safe

An sami gurbi. Tafiyar awa biyu daga nan. Wendell ya ji ina waya, ya ɗauki makullin mota ya fita.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

An gama.

Kotun ba ta cika kamar wancan karon ba. Matar kantin maganin ta zo da mijinta kawai. Ta yi magana a taƙaice, ta ce har yanzu in ƙofar kanti ta buɗe da ƙarfi gabanta na faɗuwa. Ba ta nemi komai ba. Lonnie ya juya ya ce mata ta yafe masa. Ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Lauyan gwamnatin da na haɗu da shi a kanti bai zo ba. Wata matashiya ce ta tsaya wa gwamnati. Ta miƙe ta ce, "Mai shari'a, gwamnati ta yi alkawarin neman shekara uku. Shekara uku muke nema." Ta zauna. Iyakar abin ke nan. Wannan 'yar maganar ce aka hana ɗana, aka yi ta hawa da sauka a kotuna kafin a faɗe ta. Wendell ya yi wani sauti a maƙogwaro.

Sai aka kira ni. Alƙaliyar tsohuwa ce, tabarau a saman hanci. Ta ce, "Misis Tackett, ina jin ki."

Na ce ni ba mai ilimin doka ba ce. Na ce ɗana ya yi laifi, ya amsa, kuma ya amsa ne don an gaya masa uku. Na ce na zauna a wannan ginin na ji an saɓa masa ban ce uffan ba, yau ina roƙon a cika masa.

Ta duba takarda ta ce, "Na ga ba gidanku zai sauka ba."

"Haka ne, Mai shari'a."

"Akwai dalilin da ya kamata kotu ta sani?"

 Lonnie bai waiga ba. Ina ganin ƙeyarsa, da ɗan tabon da ya samu a kan keke yana yaro. Matashiyar gwamnati ta sunkuyar da kai tana kallon alƙalaminta.

Na ce, "Ina da yarinya 'yar shekara bakwai a gida, ni kuma na tsufa. Ina so ya fara tsayawa da ƙafarsa tukuna."

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta daɗe. Ta sani. Mata irinta suna sani. Ta ce, "Na gode, koma ki zauna."

Ta ba shi uku. Bayan ya fito, shekara uku ƙarƙashin sa ido, watannin farko a gidan nan mai nisan awa biyu. Ta gaya masa cewa ba rangwame ta yi masa ba, abin da aka yi masa alkawari ne, saura ya rage nasa.

Da za a fita da shi ya ɗaga wa babansa kai. Ni ya kalle ni kawai. Ban iya karanta kallon ba. Na yi ta juya shi a raina tun daga kotu har gida.

Ban yi ƙarya a gaban alƙaliya ba. Ban kuma faɗi gaskiya ba. Na rasa wanda na cuta a cikinsu, shi ko Josie, amma jikina yana gaya min na cuci wani.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da yamma

Wendell ya mayar da keken ɗinkina ɗakin shuɗi, shi kaɗai, da bayansa mai ciwo.  Na zuba masa gahawa, ya sha.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da safe

Ina cikin kama wa Josie gashi kafin motar makaranta ta iso, ta ce, "Kaka, Baba Tsoho ya ce alƙaliya ce ta hana Babana zama a nan."

Wendell yana bakin ƙofa da jarida. Ya kalle ni, ya ɗan girgiza kai. Rufa min asiri yake, na gane. Kyauta ce ya miƙo min, irin wadda ya iya.

Na ajiye matajin. Na ce, "Ba alƙaliya ba ce. Ni ce."

Ta juyo ta dube ni. Na jira ta tambayi dalili, ban kuma san abin da zan ce ba. Ba ta tambaya ba. Ban ga fushi a fuskarta ba, ban ga sauƙi ba.

Ta ce, "To."

Na miƙa hannu zan ci gaba da kama gashin, ta kauce. Ta ɗauki jakarta. Ta tafi makaranta da rabin gashi a kame, rabi a wargaje, ni kuma na tsaya a taga har motar ta sha kwana.